Sai Godiya, Likita

Shafi na 14

Masu turo saƙo suna cewa na ɓace, ku yi haƙuri. Ina nan. Wanki ne ya yi mini yawa, sannan wannan shafin na daɗe ina kewaye shi. Wadda ta ce in daina sa ta kuka a wurin aiki, gara ki bari sai kin koma gida.

* * *

Kwalin da aka kawo ranar Litinin na ɗauka, na ajiye a kujerar gaba ta tsohuwar motar Mamaw.

Ban taɓa zuwa kantin kayan jinya na Napier ni kaɗai ba. Ko a waya suka kira, sai na goge tafin hannuna a riga kafin in ɗauka. Amma ranar babu yadda zan yi. Anti Vonda ta gama magana: gado ya samu a gidan tsofaffi na cikin gari, za su riƙe shi zuwa Juma'a. In maganar faifan da ake manna wa Mamaw a ciki ba ta gyaru ba, za ta zo ta ɗauki uwarta.

Mamaw kuwa, kakata da ta raine ni, abu ɗaya ta taɓa roƙona. Kada in bari a fitar da ita daga gidan da kakana Papaw ya gina mata kafin ya rasu.

Tun da aka yi mata aiki aka fitar da bakin hanjinta ta gefen ciki, da jaka take rayuwa. Jakar ba ta zama da kanta. Sai an manna faifai a fata, sannan ita ta kama faifan. In faifan ya riƙe, Mamaw tana nan da bakinta da dariyarta. In ya saki, abin da ya kamata ya shiga jaka sai ya bi ƙarƙashi ya zauna a kan fata, yana cinta kamar ruwan batir.

Da ta rame, bakin hanjin ya nutse ciki, shimfiɗaɗɗen faifai ya daina riƙewa. Wata nas a asibiti ta taɓa ba mu na gwaji, masu tudu a tsakiya, waɗanda ke danna fata bakin ya fito. Satin da muka yi da su har coci Mamaw ta je.

Amma kwalin Litinin shimfiɗaɗɗu ne a ciki. Irin na watan jiya. Irin na wanda ya gabace shi.

Na wuce kekunan marasa lafiya da sandunan dogarawa, na tsaya a ƙofar ɗakin baya rungume da kwali.

"Shigo mana, 'yata. Ƙofar ba ta cizo. Ni ce mai cizo, kuma na riga na ci abinci."

Madam Begley ke nan, mai tura wa inshora takardun kantin. Muryarta kawai na sani. Ashe doguwa ce mai jiki, tabarau a kan hanci, cingam a baki, wata ƙaramar fanka na hura mata wuya.

"Ke ce Twila," ta ce. "Jikar Oleta Sizemore. Mai cewa 'to, na gode' ta kashe waya tun ban gama magana ba."

Na ɗora kwalin a tebur.

"Ba su ba ne, Madam."

"Na sani. Ni na sa aka tura."

Na ɗago kai.

"Zauna," ta ce. "Ɗauki alewa. Duk wanda ya zo zagina sai na ba shi alewa tukuna, ya fi daɗin ji."

"Ba zagi na zo ba."

"Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Matso ki gani."

Ta juyo mini da allon kwamfuta, ta nuna da bayan biro.

"Kin ga wannan, A4414? Shi ne shimfiɗaɗɗen da ke cikin kwalinki. Wannan kuma, A4407, shi ne mai tudu, mai daɗewa a jiki, wanda kike so. Aikina ke nan tun kafin a haife ki. In mayar da ciwon mutum lamba, in tura wa inshora, su ce e ko a'a."

"To ki rubuta ta biyun."

"Na rubuta."

"Sai me?"

"Suka dawo da ita. Na sake turawa da roƙo, suka sake dawowa da ita."

"Ki sake."

Ta yi ɗan murmushi, ba na raini ba.

"Ashe kina da baki. 'Yata, lamba ba ta tafiya ita kaɗai. Sai da maganar likita a bayanta. Dakta Pruitt ya sa hannu a takardar neman mai tudu, don ni na aika masa. Amma su can ba sa tsayawa a sa hannu. Sai su ce a kawo abin da ya rubuta duk ranar da ya ga majiyyaciya. Su ajiye su gefe da gefe. In sun dace, a biya. In ba su dace ba, a dawo mini da abina."

"Na Mamaw ba su dace ba?"

"Bari in duba ko an yarda in faɗa miki." Ta danna wani wuri. "Sunan Vonda ne a sama, naki a ƙasa. To, ya halatta. Saurara."

Ta gyara tabarau ta karanta a hankali.

"Majiyyaciya ta zo cikin fara'a. Ta ce ba ta da wata damuwa. Ta ce jaka ba ta yoyo. Ta ce babu buƙatar a duba wurin."

Ta gangara ƙasa.

"Zuwan da ya biyo baya. Cikin fara'a. Ba damuwa. Ba yoyo. Ta ƙi a duba."

Ta sake gangarawa.

"Na ƙarshe ma haka. Sai dai nan ya ƙara cewa ta kawo masa kek ɗin tuffa."

"Ƙarya ne," na ce.

"Wanne? Kek ɗin?"

"Ni na gasa kek ɗin."

Na riƙe gefen kujera.

"Madam, kafin rana ta raba na canza mata faifai, kafin a ci abincin dare na sake canzawa. Na wata guda ba ya kai mu tsakiyar wata. In sun ƙare, da salatif ɗin da Papaw ke ɗaure bututu nake riƙe tsohon. Zanin gado biyar gare mu, kullum uku na kan igiya. Ta daina zama a baranda don kada iska ta kai wa maƙwabta."

Ta daina tauna cingam.

"To ko yawan ki ƙara mana," na ce. "Shimfiɗaɗɗen ma, in da yawa, zan lallaɓa."

"Ashirin suke ba wa mutum a wata. In za a wuce haka, nan ma sai likita ya faɗi dalili. Wane dalili zai faɗa a kan matar da ke ce masa lafiyarta ƙalau?"

"Ke ki rubuta dalilin. Na faɗa miki gaskiya."

"Na yarda da ke. Amma ni ba likita ba ce. In na rubuta abin da ba ya cikin bayanansa, ranar da aka zo bincike a rufe kantin nan, ni kuma a sa mini ankwa da wannan tsufan nawa. Kuma kakarki ta rasa har shimfiɗaɗɗen."

Ta tsura mini ido.

"Ke ba kya shiga da ita wurin likitan ne?"

Na girgiza kai.

Ba na shiga. Ranar ganin likita Mamaw takan tashi da wuri, ta sa in manna mata sabon faifai, ta sa rigarta ta coci mai ruwan toka, ta fesa turare, ta ɗauki abin da za ta kai masa. In an kira sunanta sai ta miƙo mini jakar hannunta ta ce, "Riƙe mini nan, ba daɗewa zan yi ba." Ni kuma in zauna. Ban taɓa tambaya ba. A gidanmu ba a tambayar Mamaw.

"Duk haka suke, tsofaffin kan dutsen nan," Madam Begley ta ce. "Mutum na mutuwa, likita ya ce yaya jiki, ya ce sai godiya. Ubana da ƙafa ɗaya ya dinga cewa sai godiya. Sun ɗauka gaisuwa ake yi. Ba su san duk abin da suka faɗa a ɗakin nan yana zuwa teburina ba."

Na zaro waya daga aljihu.

Nas ɗin nan ta asibiti ce ta ce in riƙa ɗaukar hoton wurin don in ga ko yana ƙaruwa. Mamaw ba ta sani ba. In ina canza mata takan rufe ido ta juya kai bango tana rera waƙar coci a maƙogwaro har in gama. A lokacin nake ɗauka.

Na miƙa wa Madam Begley.

Ta duba na farko. Ta duba na biyu. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ya Ubangiji," ta ce a hankali. "Wannan na yaushe ne?"

"Na safiyar yau."

"Likita ya ga wannan?"

"Ba wanda ya taɓa gani sai ni. Sai ke yanzu."

Ta yagi takarda ta rubuta lamba.

"Ta nas ɗin ofishinsa ce, tana karɓar hoto. Ki tura yau. In ya gani zai kira ta ya duba da idonsa, ya rubuta gaskiya. Da wannan rubutun ni kuma zan yi musu yaƙi."

"Kafin Juma'a?"

Ta mayar da tabarau kan hanci.

"Madam, kafin Juma'a?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Sai ya gan ta, ya rubuta, in tura, su zauna su duba. Makonni ake yi. Kuma ban ce lallai su yarda ba."

Ta jawo aljihun tebur na ƙasa, ta tono can baya, ta fito da faifai masu tudu guda biyu a ledarsu.

"Na gwaji ne, su suka rage. Sa a jaka, kada ki gode mini, ba na son a san ina da kirki. Kwalinki kuma koma da shi. Ya fi babu."

A cikin mota na zauna da wayar a hannu. Motocin kwal na wucewa, gilashi na rawa. Na tuna fatar, yadda ta zama ja tana tsatsafo da ruwa, yadda Mamaw ke cije leɓe in na zare salatif.

Na zaɓi hotuna uku. Na rubuta, "Wannan cikin Oleta Sizemore ne. Ni ce jikarta. Don Allah a nuna wa likita."

Na tura.

Har na ji wani sanyi a raina. Na ce yau dai na yi abin kirki ba tare da kowa ya tura ni ba.

* * *

A kicin na sami Mamaw, tawul a kan cinya, tana tsinke ɗanyen wake a roba. Taga a buɗe duk da sanyi.

"Sannu da zuwa, lauya," ta ce. "An ci shari'ar?"

Na ajiye kwalin a ƙasa.

"Mamaw, me kike ce wa likita?"

Hannunta bai tsaya ba.

"Abin da ake ce wa likita."

"Wane abu?"

"Ya ce yaya jiki, in ce sai godiya. Ya ce akwai damuwa, in ce wa ba shi da ita. In tambayi uwarsa. Ya auna jinina. In fito."

"Ba ya duba wurin?"

"Yana so. Ni ce ba na so."

"Don me?"

Sai yanzu ta ɗago.

"Ni in ɗaga rigata a gaban Wendell Pruitt? Ɗan Loretta? Yaron da na koya wa addu'a a ajin yara na coci? Da hannun nan na share masa majina. Akwai ranar da ya jiƙa wando a kan benci, ni na ɓoye shi a bayana har uwarsa ta zo."

"Yanzu likita ne."

"Bai hana shi zama ɗan Loretta ba."

"Saboda wannan suke hana mu masu tudu, Mamaw. Madam Begley ta karanta mini. Duk zuwa kin ce ba yoyo. Su kuma abin da aka rubuta suke bi."

"Charlene Begley tun tana yarinya bakinta ba ya rufuwa."

"Ta yi ta turawa ana dawowa da shi. Ni ina ta zaton su ne mugaye. Ina ta zaton ni ce ban iya mannawa ba. Ashe ke ce."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba."

Ban san daga ina ta fito ba. Tun da nake ban taɓa mayar mata da magana ba. Ita ma sai da ta ajiye waken.

"Hannuna ya tsage da wanki," na ce. "Ba na kuka da shi. Amma in na zare miki faifai fata na biyo shi. Kina jin zafi kina rera waƙa don kada in ji. Ina ji, Mamaw. Duk saboda kunyar ɗan Loretta?"



"Jawo kujera," ta ce.

"A tsaye ma ina ji."

"Twila June. Jawo kujera."

Na jawo.

Ta goge hannu a tawul, yatsa bayan yatsa.

"Kunyar tana nan, ban ce babu ba. Amma da ita kaɗai ce da tuni na haɗiye ta. Na haifi 'ya'ya a gaban maza likitoci ban mutu ba. Kin tuna Opal Combs?"

"Ta gidan bayan gada."

"Ciwo ne ya fito mata a ƙugu. 'Yarta ta kai ta asibiti, ta ce Mama faɗa musu gaskiya. Ta faɗa. Likita ya rubuta layi ɗaya, cewa fata ta buɗe kuma kulawar gida ba ta isa ba. Da wannan layin aka ɗauke ta. Na je duba ta sau ɗaya. An manna sunanta a ƙofa da takarda, an sa mata rigar wata. Ta ce mini, Oleta, wa ke ba kajina abinci? Ba ta ga Kirsimeti ba."

"Ke ba Opal ba ce."

"Saurara mana. Kina zaton Vonda na jiran Juma'a ne don tana tausayinki? Na ji ta a waya a barandar nan, ta ɗauka barci nake. Gidan tsofaffin ba sa karɓar mutum haka kawai. Sai likita ya rubuta cewa jikinsa ya kai a kula da shi a can, in ba haka ba inshora ba ta biyan gadon. Ta je wurin Wendell ta nema. Ya ce mata shi abin da ya sani, uwarta lafiyarta ƙalau."

Na tuna hotunan da na tura.

"Ba takarda, ba gado," Mamaw ta ce. Har da ɗan murmushinta. "Ta yi ta surutu har Juma'a ta wuce. Su ba wa wani gadonsu."

"Mamaw..."

"Maganar da za ta kawo mini faifai mai tudu, ita ce maganar da za ta fitar da ni daga gidan nan. Guda ɗaya ce, 'yar nan. Na daɗe da ganewa. Sai na zauna na zaɓa. Fata ko gida. Na zaɓi gida."

Wayata ta yi motsi a aljihu. Ban taɓa ta ba.

"Kuma akwai ke," ta ce.

"Ni?"

"In suka ga wurin nan, wa za su kalla? Ba inshora ba. Ba Charlene da lambobinta ba. Za su turo wata ma'aikaciya rataye da kati a wuya ta zauna a kujerar nan ta yi ta yi miki tambayoyi. Ke da ko mai kawo wasiƙa ya gaishe ki sai kin ɓuya a bayan ƙofa. Za su ce yarinyar da ta bar makaranta tun tana ƙarama ta bar tsohuwa ta ruɓe a hannunta. Alhali don ni kika bari. Ni na san hannun da ke wanke ni. Ba zan bari a rubuta sunanki a irin wannan takarda ba."

Ta miƙo hannu ta shafa kumatuna. Yana warin ɗanyen wake.

"Daina kuka. Kin yi mini tsawa, na ji, na yafe. Ashe dai jinina ce ke. Na fara zaton a asibiti aka musanya ki."

Wayar ta sake motsi.

"Wa ke nemanki haka? Ko kin yi saurayi ban sani ba?"

"Ba kowa."

"In yaron Napier ne mai kawo kwali, ki ce masa ya aske gemun nan tukuna."

Na buɗe baki in faɗa mata. Allah ya sani na buɗe. Sai idonta ya sauka a kan jakata, inda bakin leda ya leƙo.

"Mene ne wancan?"

Na zaro faifan biyu na ajiye a tebur.

Ta ɗauki ɗaya da hannu biyu. Ta shafa tudun ta cikin leda da babban yatsa, a hankali, kamar kan jariri.

"Charlene ce?"

Na gyaɗa kai.

"To na janye rabin abin da na faɗa a kanta." Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Kada ki taɓa su yanzu. Ɗaya ki manna mini ranar Asabar da yamma. Lahadi zan je coci in zauna a bencin gaba, Vonda ta gan ni da idonta. Ɗayan kuma a ajiye wa ranar zuwa kabarin Papaw. Ki goge mini rigar nan mai ruwan toka."

"To, Mamaw."

"Ki ɗora waken nan. A yi burodin masara, yau ina jin yunwa."

Na tashi na ɗauki robar. Na kunna famfo, na tsaya ina kallon ruwa yana zuba a kan wake.

Ina ta lissafi a raina. Wataƙila nas ɗin ba ta zo aiki ba. Wataƙila lambar ba daidai ba ce. Wataƙila in na kira yanzu na ce kuskure ne, cikin wata ce, za su goge.

Na zaro wayar a ɓoye, bayana na wajen Mamaw.

Saƙo biyu, duka daga ofishin likita. An daɗe da turo su, sai yanzu suka shigo, don a kan dutsen nan waya ba ta kamawa sosai.

Na farko: "Likita ya gani. Yana so a kawo ta yau."

Na biyu: "Ba mu ji daga gare ki ba, mun kira wadda sunanta ke sama."

Sai na ji ƙarar taya a kan tsakuwa.

"Wa ke nan kuma?" Mamaw ta ce. Ta jawo tawul ta rufe cikinta. "Yau Laraba. Ba na jiran kowa."

Ƙofar mota ta buɗe. Sannan ta baya. Takalmi a kan matakalar baranda, da wani abu mai nauyi yana bugun katako, mataki bayan mataki.

Anti Vonda ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta shigo da rigar wurin aikinta, katin sunanta ma ba ta cire ba. Idonta ja. A hannunta babban akwatin tafiya, shuɗi.

Ta ajiye shi a tsakiyar kicin. Daga yadda ya sauka na san babu komai a ciki.

"Vonda Gail," Mamaw ta ce. "Mijinki ya kore ki ne?"

Anti Vonda ba ta yi dariya ba. Ko inda nake ba ta kalla ba. Ta zo ta durƙusa a gaban Mamaw, ta riƙe gwiwoyinta.

"Mama, me ya sa?" ta ce. "Kin mayar da ni muguwa a gidan nan, ni da nake cewa akwai abin da ba daidai ba. Kina zaune a kan wannan abu kina ce mini sai godiya?"

"Wane abu? Tashi, kina ɓata wandonki."

"Wendell da kansa ya kira ni. Ya ce ciwon ya fara shiga jiki. Ya ce a kawo ki yanzu, kuma in haɗo miki kaya, don ba ya jin za ki dawo gida."

"Wendell bai san komai ba. Wendell bai taɓa gani ba."

"Ya gani, Mama. Na biya ta ofishinsa. Ni ma na gani."

"Kin ga me?"

"Hotunan."

Famfo na ta zuba. Na kasa kashe shi.

"Waɗanne hotuna?" Mamaw ta ce.



Na ji ta ajiye faifan a kan tebur. Ledar ta yi ɗan ƙara. Na ji kujerarta ta juyo a hankali.

"Mutum ɗaya ne a duniyar nan ke ganin cikina," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Mutum ɗaya na rufe wa idona."

Ruwa ya cika robar, wake ya fara bin ruwa yana faɗawa cikin kwatami.

"Twila June. Kashe famfon nan, ki juyo ki dube ni."